Shaguna uku, littafi ɗaya: shin in haɗa kasuwancina a kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda da leshi. Babban shagona da sito suna Kantin Kwari a Kano, ina da shago a Kaduna, wani kuma a Maraɗi. Ɗan ƙanina da ya gama jami'a ya dame ni in sayi manhajar da za ta haɗa shagunan, wai zan riƙa ganin ciniki da kayan da suka rage a wayata. Babban yarona, wanda shi ke zagaya shagunan yana kawo min lissafi, ya ce ɓarnar kuɗi ce. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ɗan ƙaninka yana da gaskiya, amma bai gaya maka duka ba. Ya nuna maka abin da za ka gani a waya, bai ce maka daga ranar da shagunan nan suka haɗu aikin kowa zai sauya ba, har da naka. Shi kuwa babban yaronka ya hango wannan, shi ya sa ya ja baya.

Mu fara da kuɗi. Asarar mai shaguna da yawa ba ta cika zuwa daga sata ba, jinkirin labari ne ke cin riba. Wata atamfa ta ƙare a Kaduna tun Litinin, masu saye suna ta juyawa, alhali dila guda tata tana kwance a Maraɗi ta zama kwantai. Kai ba za ka sani ba sai yaronka ya dawo ranar Asabar. Ka zauna da littattafan bara ka fitar da lamba biyu: kayan da ka karyar da farashinsu saboda sun daɗe, da bashin da ya nutse saboda an ba mutum ɗaya kaya a shago biyu ba tare da wani ya san na wani ba. In jimillarsu ta fi kuɗin manhaja da data da sola na shekara, ka samu amsarka.

Wannan ba hasashe ba ne. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, don ɗan kasuwa ya daina hawa mota ya je jin farashi, kira kawai yake yi. Kiran murya kaɗai ke nan. Haɗa shaguna a manhaja mataki ne na gaba: labari yana isowa ba tare da ka tambaya ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi nazari. In labari ya daina bi ta hannun mutum, tambayar da ke tasowa ita ce wa zai riƙa yanke shawara. Manyan kamfanoni sun amsa ta ta hanya biyu.

Kamfanin Walmart na Amurka ya kammala haɗa shagunansa da hedikwata ta tauraron ɗan Adam a 1987, a kan kuɗi kusan dala miliyan 24. Ba da daɗewa ba ya fara buɗe wa Procter & Gamble, masu yin ƙunzugun jarirai na Pampers, bayanan abin da ake sayarwa. Sai ya zama mai kaya ne da kansa ke ganin sito ya yi ƙasa ya turo mota, ba sai wani ma'aikaci ya rubuta oda ba. Aikin masu rubuta oda da masu bin diddigi ya ragu, iko ya tattaru a sama, wani ɓangarensa ma ya fita waje zuwa hannun mai kawo kaya.

Zara, kamfanin tufafi na ƙasar Sifen, ya ba abin wata fuska. Manajojin shagunansa suna aika wa hedikwata abin da ke tafiya da abin da masu saye ke nema ba su samu ba, ana kuma kai musu sabbin kaya sau biyu a mako. A nan na'ura ta ƙara wa na ƙasa murya, domin shi ke tsaye gaban mai saye.

A ganina sana'arka ta fi kusa da ta Zara. Launin da matan Maraɗi ke rububi ba lallai ya karɓu a Kaduna ba, kuma babu manhajar da za ta gaya maka cewa wata Hajiya ta juya turmi uku ta ajiye don zanen ya yi mata girma. Yaron shago ne ya gani. Kuskuren da iyayen gida ke yi shi ne, da zarar sun fara ganin kowane ciniki a waya, sai su koma kiran yara sau goma a wuni: me ya sa ka rage ɗari biyar, wa ya ce ka ba wane bashi. Cikin wata biyu yara sun daina motsi sai da izini, ciniki ya koma tafiyar hawainiya, Alhaji kuma bai ƙara barcin kirki ba.

Don haka kafin ka sayi komai, ka rubuta iyakar kowa a takarda. Farashin da ba a sauka ƙasa da shi a kowane kaya. Bashin da mai riƙe da shago zai iya bayarwa ba tare da ya kira ka ba. Wanda ke da ikon cewa a ɗauke kaya daga wannan shago a kai wancan. Cikin wannan iyaka ka sakar musu mara, kai kuma ka duba lissafi sau ɗaya da daddare.

Sai batun babban yaronka. Kada ka yi saurin zarginsa da cewa yana ɓoye wani abu, ko da yake in akwai ɓaraka lissafin zai fito da ita da kansa. Rabin aikinsa ɗaukar labari ne daga shago zuwa gare ka, kuma wannan rabin zai mutu, ya kamata ka faɗa masa baki da baki. Ɗaya rabin kuwa ba a sayensa a kasuwa: ya san ɗan sarin da ke biya da wanda sai an bi shi har gida, ya san direban da ba ya wasa da kaya, ya san kan iyaka. Ka mayar da shi mai kula da bashi da rarraba kaya tsakanin shaguna, ka sa shi a gaba wajen kafa tsarin, ɗan ƙaninka ya zama mai taimaka masa da na'ura. In kana da niyyar sallamarsa da jari nan gaba, ka ambata masa yanzu. Mutumin da yake ganin ana haƙa ramin da za a binne matsayinsa ba zai shigar da lamba daidai ba, sauran yaran kuma shi suke kallo.

Kada ka fara da manhaja mai tsada. Ka fara da ba kowane kaya suna ɗaya da lamba ɗaya, domin in Kano na kiran zane da wani suna Maraɗi na kiransa da wani, kwamfuta za ta ɗauka kaya biyu ne. Ku yi wata uku kuna shigar da shiga da fita a jadawali ɗaya na Google Sheets, wanda kyauta ne kuma waya na buɗe shi. Kowane shago ya samu asusun banki ko POS na shago, a daina karɓar taransifa a asusun yaro ko da na minti biyar ne. Lissafin Maraɗi ya zauna a sefa, a rubuta farashin canji na ranar da aka tura kuɗi, in ba haka ba hawa da saukar naira zai riƙa nuna maka ribar da babu ita. In yara sun kasa riƙe wannan na wata uku, manhajar miliyan ma ba za su riƙe ba.

Akwai haɗari, kuma na gaske ne. Abin da aka haɗa wuri ɗaya yana iya faɗuwa lokaci ɗaya. A watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta shiga kwamfutocin Maersk, kamfanin jiragen dakon kwantena, ta tsayar da aiki a tashoshinsa na ƙasashe da dama. Sai da suka sake ɗora manhaja a kwamfuta kusan 45,000, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Wani muhimmin kundi da suka yi amfani da shi wajen farfaɗo da tsarin kwamfutocinsu, a ofishinsu na Ghana aka same shi lafiya, saboda an ɗauke wuta a can na'urar ta katse daga sauran kafin cutar ta iso. A nan gida ma ka tuna yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, da yadda intanet ya tsinke a ƙasashen Afirka ta Yamma a Maris ɗin 2024 bayan wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace.

Saboda haka in lokacin sayen manhaja ya yi, ka tambayi mai sayarwa abu uku. Tana aiki in babu sabis, ta tura bayanan in ya dawo? In ka daina biyan kuɗin wata, za ka iya kwashe lissafinka gaba ɗaya ka tafi da shi? Kowane yaro zai samu nasa lambar sirri, yadda za a san wanda ya goge ko ya gyara ciniki? In ya yi inda-inda a ɗaya daga ciki, ka nemi wani. Kuma duk ƙarshen mako a buga jerin masu bashi a takarda, kwafi ɗaya a gidanka, ɗaya a hannun babban yaronka.