Amsa kan auna matsin cikin kan yaron da ya bugu

Assalamu alaikum. Hajiya, ya mai jiki? Allah Ya tashi kafaɗunsa. Kin ce kabu-kabu ne ya buge ɗan ƙanenki mai shekara 7, yau kwana biyu yana cikin doguwar suma, likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta kumbura amma ba su da na'urar auna matsin cikin kai, shi ne kike tambaya ko ku ɗauke shi daga Damagaram ku tafi Yamai. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin marasa lafiyar da ke cikin mawuyacin hali, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Abu uku ne a cikinsa: ƙwaƙwalwa, wadda ta ci kusan kashi 80 cikin 100 na wurin, sai jini da ruwan da ke kewaye da ita. Idan ta kumbura ba ta da inda za ta nufa, sai matsi ya hau ya tare jinin da ke kawo mata iska, kuma wannan ɓarna ta biyu ita ake yaƙi da ita, domin ta farko ta riga ta auku a bakin hanya. Na'urar kuwa siririyar waya ce ko ɗan bututu da likitan tiyata ke zurawa ta ƙaramar huda a ƙoƙon kai, galibi ga wanda makinsa a ma'aunin suma na Gilasgo, mai tashi daga 3 zuwa 15, ya tsaya a 8 ko ƙasa. Ƙa'idojin kula da yara da aka sabunta a Amurka a 2019 sun ce a ɗauki mataki idan matsin ya haura 20 a ma'aunin na'urar. Bututun yana da ƙarin amfani, tunda ana iya zuƙe ruwa ta cikinsa, sai dai yana iya jawo ƙwayoyin cuta ko zubar jini.

Ga abin da nake so ki riƙe. A 2012 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashen Bolibiya da Ekwado kan mutum 324 da suka bugu a kai, aka kwatanta waɗanda aka sa wa na'urar da waɗanda aka bi da hoton sikana da yawan dubawa, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Gaskiya ne 'yan shekara 13 zuwa sama aka ɗauka, ba ƙananan yara ba, amma a ganina darasin ya shafe mu: na'urar lamba take bayarwa, ba ita ce maganin ba.

Maganin yana hannun masu tsayuwa a kan yaron. Mukan ɗaga kan gado kamar digiri 30, wuya a miƙe, mu hana zazzaɓi da jijjiga, mu kula kada jini ya sauka ko numfashi ya gaza, likita kuma ya sa ruwan gishiri mai ƙarfi ko manitol, wani maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, ta jijiya, idan abin ya ƙi a kai ga tiyata. Sa'a-sa'a nakan ɗaga fatar idon yaro in haska tocila, ko da ƙarfe ukun dare ne. Na taɓa ganin baƙin ido ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, bugun zuciya yana raguwa jini yana hawa, kuma wannan ɗan hasken tocilar ne ya sa aka taso likita kan lokaci. Ga jariri ma har maɗigarsa mukan shafa mu ji ko ta taso.

Ku masu jinya, don Allah kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, huhu zai tafi; a yi masa addu'a a gefen gado. Kada kuma kaka ta zare abin da aka tada kansa da shi wai don ya ji daɗin kwanciya, na sha fama da wannan.

Batun tafiya kuwa, Yamai kusan kilomita 900 ce, kuma kwanakin nan na farko su ne kumburi ke kai maƙura. Ban ga hikimar jijjiga shi a mota ba, sai idan likitansa ne ya ce akwai aikin da ba a iya yi a nan, ya kuma haɗa ku da motar asibiti mai iska da ma'aikacin rakiya. Gobe da safe ki tambaye shi makin Gilasgo na yau da na jiya, da abin da hoton ya nuna, sannan ki dawo mu ji.