Amsa: Me ya sa Michael Noonan ya daɗe haka a majalisar Ireland?

Malam, ka tambayi yadda ya shekara 39 a Dáil, wato majalisar wakilan Ireland, daga 1981 zuwa 2020. Amsar tana cikin tsarin zaɓensu. Kowace mazaɓa na da kujeru uku zuwa biyar, mai zaɓe yana jera 'yan takara 1, 2, 3. A mazaɓa mai kujeru biyar, kashi ɗaya cikin shida na ƙuri'u da ɗoriyar ƙuri'a ɗaya ya ishe ka. Abin tsoron shi ne ɗan jam'iyyarku, don daga tulu ɗaya kuke sha. Noonan, tsohon malamin sakandare, ya riƙe mazaɓarsa ta birnin Limerick gam.

Ya yi ministan shari'a daga 1982, na lafiya daga 1994. A nan ya yi tuntuɓe: gwamnati ta tsananta a kotu kan wata mata da gurɓataccen maganin jini ya sa wa ciwon hanta, daga baya ya nemi gafara. A zaɓen 2002 yana shugabancin jam'iyyarsa ta Fine Gael, kujerunta suka faɗo daga 54 zuwa 31, ya sauka.

Ana ganin tasa ta ƙare, sai ga shi ministan kuɗi a 2011. A hannunsa ƙasar ta fita daga shirin ceton tattalin arzikinta na Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da Tarayyar Turai a Disamban 2013.