Muryar Wa Ake Ji a Bakin Goldfinger?

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure tsakanina da abokina. Ya ce ƙaton mugun nan na fim ɗin James Bond mai suna Goldfinger ba da muryarsa yake magana ba. Haka ne? Kuma shi wane ne?

Amsa: Malam, abokinka ne da gaskiya. Sunan mutumin Gert Fröbe, Bajamushe ne, kuma lokacin da aka yi fim ɗin, wanda ya fito a 1964, Turancinsa bai kai ya kawo ba. Sai aka sa wani ɗan wasan Ingila, Michael Collins, ya ɗora masa murya, kamar dai yadda ake ɗora Hausa a finafinan Indiya. A kwafin Jamusanci kuwa shi ya yi maganarsa da kansa.

Ni a ganina an yi wa masu kallon Turanci ƙwange, domin murya na cikin jarin Fröbe. Ɗan dandali ne tun asali. An haife shi a 1913 kusa da garin Zwickau, ya fara da zanen bangon dandali a gidan wasan kwaikwayo na Dresden, inda ɗan wasa Erich Ponto ya koya masa wasa. Daga nan ya yi aiki a Wuppertal da Frankfurt da Biyana (Vienna), babban birnin Austriya. Ko bayan ya shahara, yakan hau dandali shi kaɗai yana karanta waƙoƙin marubucin Jamus Christian Morgenstern.

Wanda ya san shi da tumbi zai sha mamaki idan ya kalli fim ɗin Berliner Ballade na 1948: ramamme ne ƙayau, yana fitowa a matsayin talakan da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari da yunwa. Fitowa a matsayin mugu ta zo daga baya. A 1958 ya fito a matsayin mai kashe yara a wani fim na Jamusanci, kuma wannan rawa ce ta jawo hankalin masu shirya Bond.

Shaharar ta zo da tonon silili. Ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Nazi ta Hitler, ya fice a 1937, kuma da maganar ta fito a 1965 sai Isra'ila ta haramta finafinansa. Ba a ɗage haramcin ba sai da wani Bayahude ya shaida cewa Fröbe ya taimake su shi da mahaifiyarsa a Biyana lokacin yaƙi. Ya rasu a birnin Munich a watan Satumba na 1988.