Kan yaron da ya rubuta IC a matsayin 99

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Wallahi tambayarki ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Kin ce yaronki ya rubuta IC a matsayin 99, malami ya soke masa da jan biro ba tare da wani bayani ba, yanzu da an ɗauko littafin lissafi sai hawaye. Kina son a nuna miki yadda ake mayar da lamba irin 1994 zuwa lambobin Romawa don ki koya masa da kanki. Haruffan dai bakwai ne: I 1, V 5, X 10, L 50, C 100, D 500, M 1000.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, tunani ya yi. An ce masa IX tara ce, goma a cire ɗaya, sai ya ce to ai ɗari a cire ɗaya IC ke nan. Abin da ba a gaya masa ba shi ne ragewa shida ce kacal aka amince da ita: IV 4, IX 9, XL 40, XC 90, CD 400, CM 900. Ba ta bakwai. Don haka 99 sai an raba ta, casa'in XC, tara IX, a haɗa ta zama XCIX.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne malamin da zai soke bai yi bayani ba, domin na ɗanɗana irinsa a firamare. Agogon bangon gidanmu IIII aka rubuta a wurin ƙarfe huɗu, kullum ina kallonsa. Ranar da aka koya mana IV na ɗaga hannu na faɗi abin da na gani. Malaminmu ya ce ƙarya nake yi, wai ina so in nuna na fi shi sani. Ya fito da ni gaban aji, ya sa na miƙa tafin hannu ya zuba mini bulala, sannan ya ba ni alli ya ce in cika allo da IV. Hannuna na zogi, allin na kakkaryewa, yara na ta dariya, shi kuwa yana zaune ya ɗora ƙafa kan tebur. Ko sau ɗaya bai ce in kawo agogon ya gani ba. Daga ranar na daina tambaya a aji, kuma na daɗe ina jin gabana na faɗuwa in an ce lokacin lissafi ya yi. Sai da na girma na gane agoguna da yawa IIII suke rubutawa, kuma su kansu Romawan haka suke yi sau da yawa, har yanzu akwai LIIII, wato 54, a saman wata ƙofa ta tsohon filin wasan Kolosiyam da ke birnin Rum. Na yafe masa don Allah, amma ban manta ba. Duk da haka ki gaya wa yaronki a jarrabawa IV zai rubuta, ita ake so.

To ga 1994 ɗin. Kar ya kalli lambar dunƙule, ya bi ta gida-gida yana rubuta kowanne daban: dubu M, ɗari tara CM, casa'in XC, huɗu IV. Ya jera su, MCMXCIV. In karantawa zai yi, ya fara daga hagu da fensir a hannu, duk inda harafi mai ƙaramar daraja ya zo kafin mai babbar daraja ya zagaye su biyun su zama abu ɗaya, sannan ya tara. Babu sifili a tsarin nan, gidan da ba kowa tsallake shi ake yi, shi ya sa 2005 MMV ce kawai. I, X, C da M ba sa wuce uku a jere, V, L da D kuwa ba a maimaita su sam.

Don Allah kar a doke shi a kan wannan, kar kuma a bar yayyensa su yi masa dariya. In kin samu hali ki je ki ga malamin, cikin lalama, ki roƙe shi ya riƙa rubuta gyara a gefen abin da ya soke. Ni da an yi mini haka da ban tsani lissafi ba.

Ki lura da XL da LX, nan yara suka fi tuntuɓe, 40 da 60. Ki riƙa sa shi karanta shafukan farko na littattafai masu i, ii, iii, da sunaye irin Sarki Charles III na Ingila ko Fafaroma Leo XIV da aka zaɓa a 2025. In kina da kwamfuta, ki rubuta =ROMAN(1994) a manhajar Excel, zai ba ki amsa ki duba aikinsa da ita.

Yau da daddare ki gwada shi da 49 da 444. Amsar XLIX ce da CDXLIV. In ya kawo IL kar ki soke, ki ce ya fara rubuta arba'in ita kaɗai tukuna. Ki turo mana abin da ya rubuta mu duba tare.