Tambayoyinku Kan Waya da Kwamfuta: Aji a Intanet

Tambaya: Ina koyar da masu shirin JAMB ta Zoom, amma kullum muna tsakiyar bayani sai ya yanke. Ko wayata ce? Daga wani malami a Sabon Gari.

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, Malam. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa. Google Meet na kyauta yana kai awa ɗaya, da mutum 100. Ko ka koma can, ko ka biya kuɗi, ko ka rage dogon bayani. Ni na ukun nake ba ka shawara.

Tambaya: Ina da ajin matan aure a WhatsApp. In na tura karatu sai gaishe-gaishe da tallan atamfa su binne shi. Daga wata malama a Tudun Wada.

Amsa: Malama, ki kulle zauren yadda shugabanni kaɗai za su iya rubutu, ki buɗe na biyu don tambayoyi. Masu atamfa su ci kasuwarsu a can.

Tambaya: Na yi wa ɗalibaina gwaji a Google Forms, kusan kowa ya cinye. Rubutun da suka kawo kuma warin ChatGPT, manhajar nan da ke yi wa mutum rubutu, yake yi. Wace manhaja ce ke kama su? Kuma in tilasta musu kunna kyamara? Daga wani malami a Samaru.

Amsa: Allah gafarta Malam, wannan tambaya ta ishe ni. Tun da korona ta rufe makarantu a 2020 malamai ke neman manhajar da za ta yi musu aikin ɗan sanda, ba mai tambaya yadda zai gyara jarrabawar kanta.

Manhajar kama ChatGPT dai ka cire rai. Kamfanin OpenAI da ya ƙera ChatGPT ya fitar da irinta a Janairun 2023, zuwa Yulin shekarar ya janye ta saboda ba ta iya aikin ba. Da bakinsu suka ce kashi 26 cikin ɗari na rubutun na'ura kawai take ganewa, sannan tana ɗora wa kashi 9 na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. Wani bincike a Jami'ar Stanford, shi ma a 2023, ya nuna irin waɗannan manhajoji sun fi yi wa waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne ƙazafi. Wato yaranka ke nan. Za ka kayar da ɗan mutane a kan shaidar da mai ita ma ya ƙi tsaya mata?

Kyamara kuwa, fuska kawai take nuna maka. Waya ta biyu tana kan cinya, littafi yana ƙarƙashin filo, yayansa yana bayan ƙofa yana raɗa masa amsa. Wanda zai sha wahala shi ne yaron da ya sayi data ta kwana ɗaya, batirinsa ya yi ja, ga ba wuta tun jiya. Bidiyo na awa ɗaya yana iya lashe ɗaruruwan megabait. Ɓarawon amsa ya wuce, mai gaskiya intanet ya yanke masa.

A Google Forms ɗin akwai 'yan gyare-gyare: ka cuɗa jerin tambayoyi da na amsoshi, ka sa kowa sau ɗaya zai amsa, ka hana maki fitowa sai ka gama dubawa, ka rufe fom ɗin da lokaci ya cika. Wannan zai rage musu gudu ne kawai, domin hoton allon waya ya riga ya isa zauren ajinsu.

Maganin yana cikin tambayar. In ka ce "mene ne hauhawar farashi", ai ka tambayi Google ne, ba ɗalibi ba. Ka ce ya je kasuwar Samaru ya tambayi kuɗin tiyar masara a wajen mutum uku, ya ji nawa take bara, ya bayyana dalilin bambancin da abin da ka koya masa. Sannan ga abin da ni na fi so: kowa ya turo saƙon murya na minti biyu yana bayanin abin da ya rubuta, kai kuma duk mako ka kira mutum biyar ba sanarwa, ka yi musu tambaya ɗaya. A makarantar allo ba a wanke allo sai yaro ya biya a gaban malam, kuma ban taɓa jin an yi satar hadda ba.

Dogon rubutu a yi shi a Google Docs, a ba ka izinin gyara. Tarihin fayil ɗin zai nuna maka wanda ya yi kwanaki yana rubutu da wanda shafi biyar suka faɗo masa daga sama ƙarfe biyun dare. Kada kuma ka tara maki duka a rana ɗaya, ka rarraba shi a ƙananan gwaje-gwaje. Babbar jarrabawa a zo aji a zauna. Jami'ar NOUN, da karatunta daga gida ne, a cibiyoyinta take yin jarrabawa.

Na san za ka ce ɗalibai sun yi yawa. Shi ya sa na ce biyar a mako.

Tambaya: Bidiyon darasina ya yi nauyi, ɗalibai sun ƙi saukewa. Daga wani malami a Wusasa.

Amsa: Suna da gaskiya. Ka tura murya da PDF, ka yanka shi minti goma-goma. Fuskarka sun riga sun san ta.