Filin Tambayoyinku: Ƙuri'ar birni da ƙuri'ar karkara

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Sabon Gari, nan cikin Damagaram, amma asalina wani ƙauye ne a yankin Mirya, inda yayana yake riƙe da gonarmu ta gado. A zaɓen shugaban ƙasa na 2021, ni da abokaina na fada mun tsaya wa Mahaman Usman, shi kuwa yayana da galibin mutanen gidanmu suka jefa wa Bazum Mohamed. Bayan fitowar sakamako na je ƙauye wajen wani suna, gardama ta kaure, har na faɗa masa a gaban jama'a cewa su mutanen ƙauye ne suka sayar da ƙasa a kan sabulu da turmin atamfa. Tun daga ranar, in ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa mu. Ga shi mulkin ya wuce, jam'iyyun ma an rushe su, amma abin yana nan tsakaninmu. Shin ba gaskiya na faɗa ba? Kuma me ya sa mutanen karkara ba sa ganin abin da mu na birni muke gani?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ɗan guntun gaskiya a cikin maganarka, domin ana raba kaya da kuɗi lokacin zaɓe, kuma babu mai musun haka. Amma hukuncin da ka ɗora a kai bai tsaya daidai ba, kuma ka zalunci yayanka da shi. Bari mu bi al'amarin daki-daki.

Farko dai lissafi. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen Nijar a karkara suke zaune. Jahar Damagaram ita ce ta fi kowace jaha yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, kuma waɗanda ke cikin birnin ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ba. Saboda haka duk wanda ya auna zaɓe da abin da yake ji a Kasuwar Dole, ko a fadar unguwarsu, ko da yawan cincirindon da ya gani ranar da ɗan takararsa ya shigo gari, to da ƙaramin yanki ya auna ƙasa baki ɗaya. Idan sakamako ya fito saɓanin abin da kunnensa ya saba ji, sai ransa ya ba shi cewa ko dai an yi sata, ko kuma akwai wasu jahilai a wani wuri da suka ɓata aiki. Daga nan ne mafi yawan wannan gaba take tasowa.

Sannan mu duba zaɓen da kake magana a kansa. A zagaye na farko, ranar 27 ga Disamba 2020, Bazum na PNDS-Tarayya ya samu kimanin kashi 39, Mahaman Usman na RDR-Canji ya samu kimanin kashi 17. Kafin zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021, waɗanda suka zo na uku da na huɗu, Seini Umaru na MNSD-Nasara da Albade Abuba na MPR-Jamhuriya, suka mara wa Bazum baya, yayin da magoya bayan Hama Amadu, wanda kotu ta hana shi tsayawa, suka bi Usman. Sakamakon da kotun tsarin mulki ta tabbatar ya ba Bazum kashi 55 da ɗoriya, Usman kashi 44 da ɗoriya, kuma Usman bai amince da shi ba, ya ce shi ne ya ci. Gaskiya ne cewa Yamai ta juya wa Tarayya baya da gagarumin rinjaye, kuma a can aka yi tarzoma, aka rasa rayuka, aka kama ɗaruruwan mutane, aka katse intanet na kwanaki. To amma ƙuri'ar Yamai ba ta zama-a-birni kaɗai ba ce, domin birnin ya daɗe yana hannun Lumana ta Hama Amadu. Haka kuma jahar Tawa ta kasance gidan Tarayya tun daga farkon shekarun 1990 har zuwa wancan zaɓe. Bazum kansa ya wakilci Tasker, ta cikin jaharmu, a majalisar dokoki, ka ga kenan 'yan takarar biyu kowanne yana da mutanensa a nan. Ƙawancen jam'iyyu, da jaha, da sanayyar dangi sun raba ƙuri'a aƙalla kamar yadda birni da ƙauye suka raba ta.

Ka kuma tuna da 1993. Wa ya kai Mahaman Usman da CDS-Rahama fadar shugaban ƙasa a zaɓen farko na jam'iyyu da yawa? Ƙuri'ar Birni da Zango da Sabon Gari ba za ta isa ba ko kusa. Manoman Mirya da Magarya da Matamaye da sauran ƙauyukan Damagaram ne suka fito, aka haɗa da ƙuri'un jam'iyyun ƙawancen AFC, har ya kayar da Tanja Mamadu. A wancan lokaci ban ji wani ɗan birnin nan ya kira su jahilai ba. Bai kamata mutum ya zama mai hankali ranar da ya zaɓi namu, ya koma wawa ranar da ya zaɓi wani ba.

Duk da haka bambancin da ka lura da shi akwai shi, kuma tushensa shi ne gwamnati ba da fuska ɗaya take zuwa wa mutumin birni da mutumin ƙauye ba. Kai a shagonka kana haɗuwa da ita kullum: a takardar Nigelec da wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar ɗinkin Salla, a mai karɓar haraji, a famfon da ke yin kwanaki babu ɗigo har sai an nemi 'yan garuwa, a ƙaninka da ya gama jami'a yana tuƙa kabu-kabu. Kana ganin tankokin man SORAZ suna ratsa gari tun da aka buɗe matatar a 2011, kana tambayar kanka ina rabon Damagaram. Kana ganin gidajen da wasu ma'aikata suka gina cikin 'yan shekaru, ka san albashi ba zai yi su ba. Wanda yake ganin wannan da idonsa kullum, ba abin mamaki ba ne ya ƙosa da masu mulki, kuma fushinsa yana bisa hujja.

Yayanka kuwa jefi-jefi gwamnati take leƙa shi, kuma idan ta zo, da abin da ake gani take zuwa, ko kuma a ga rashinsa ƙarara. Rijiya ce aka haƙa ko ba a haƙa ba. Ajin makaranta ne na siminti a madadin rumfar kara. Hatsin OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, ne mai rahusa da ya iso a watan da rumbu ya ƙare, ko taki da iri kafin saukar damina, ko allurar dabbobi, ko sasanta shi da makiyayi kafin a zubar da jini. Shi ya sa har yau ake ambaton Tanja, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, da alheri a ƙauyuka da yawa saboda azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin shirinsa na musamman, da kuma duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta da aka soma a 2006, alhali 'yan boko da yawa da tazarcen 2009 suke tuna shi. Dukansu biyu abu ne da ya faru. Ko farashin tiyar hatsi ma ba ɗaya yake a wurinku ba: da kaka kai kana fatan ta faɗi, shi yana fatan ta tashi, sannan idan damina ta yi nisa ya dawo yana sayen abin da ya sayar da araha a kan tsada. Mutumin da rayuwarsa take haka, idan ya ga wata jam'iyya ta kawo wani abu garinsu, ko ya ga alamar ita ce za ta ci, ya bi ta, lissafi ya yi.

A nan ne nake so ka dakata sosai. Ɗan birni yana iya zama ɗan adawa shekara goma, famfon unguwarsu da kwaltar ƙofar gidansu ba su san wa ya zaɓa ba. Ƙauye kuwa sau da yawa akwatinsa ɗaya ne ko biyu, ana ƙirga ƙuri'un a gaban kowa, a rubuta sunan garin a takarda. Ƙuri'ar mutum ɗaya asiri ce, amma ta gari duka ba asiri ba ce. Maigari ya san haka, dattawa sun san haka, kuma suna tsoron kada a sa musu ido a matsayin garin adawa, rijiyar da suke jira ta koma wani gari. Doka ta ce sarakunan gargajiya su tsaya tsakiya, amma kowa ya san nauyin maganar sarki ko maigari a wurin wanda gobe zai kai masa ƙarar iyakar gona. Abin kuma ba sabo ba ne. A ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba, waɗanda suke da ƙarfi a tsakanin 'yan kasuwa da masu sana'a na garuruwa irin Damagaram, sun nemi a ce "a'a" ga Faransa, sai hukumar Turawa ta jawo manyan sarakuna gefenta, "i" ta yi rinjaye da kusan kashi 78. Idan akwai abin zargi a nan, to tsarin da ya mayar da haƙƙin talaka tukuicin biyayya ne, da masu amfani da shi. Ba na ganin adalci a ɗora laifin a kan wanda aka tsare a tsakiya.

Batun sabulu da atamfa kuwa, ka tambayi kanka tsakani da Allah ko ba a kawo kuɗin shayi fadodin birni ba, ko ba a zuba wa 'yan kabu-kabu mai don su raka ayari ba, kuma ko jam'iyya ɗaya ce kaɗai ta yi rabo. Mutane da yawa, a birni da ƙauye, suna karɓa daga hannu biyu ko uku, su shiga bayan labule su zaɓi wanda ransu ya kwanta da shi. Ba ka ga abin da aka ba yayanka ba, ba ka kuma tambaye shi dalilinsa ba. Ka dai kira shi mai sayar da mutuncinsa a gaban mutanen da yake zaune da su kullum, kai kuwa ka hau mota ka dawo gari.

Shawarata ita ce ka je da ƙafarka, kada ka aika saƙon murya a waya. Kai ne ƙarami, kuma daga bakinka maganar ta fito. Tun da a gaban mutane ka faɗe ta, ka nemi wani dattijon gidanku da ya halarci sunan ya zauna tare da ku, ka ce, "Yaya, na yi maka ba daidai ba, ka yafe mini." Ba sai ka sauya ra'ayinka a kan wancan zaɓe ba, shi ma ba sai ya sauya nasa ba. Idan zuciya ta huce, wata rana ka tambaye shi abin da ya sa ya zaɓi wanda ya zaɓa, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

TAMBAYA

Ni malamar makaranta ce a wani ƙauye na yankin Magarya. Mutanen nan suna cewa 'yan birni butulai ne, suna da wuta da kwalta da babban asibiti, amma su ne kullum ke ƙona tayoyi bayan zaɓe. Yara sun fara maimaita wannan magana a aji. Me zan ce musu?

AMSA

Malama, sannu da ƙoƙari. Ki fara da gaya musu cewa a wani ɓangare iyayensu suna da hujja, domin wuta da asibiti da manyan makarantu a birane aka tara su, kuma ruwan da Damagaram take sha ma daga ƙarƙashin ƙasar karkara ake jawo shi, daga wurare irin Gogo da Arunguza. Ƙona dukiyar mutane kuwa ba shi da mai kare shi, ko wane ne ya ci zaɓe.

Amma ki nuna musu cewa ganin fitila daga nesa ba ya nufin kowa a birni yana cikin daɗi. Wanda ya shiga Kara-Kara ko unguwannin bakin gari zai tarar da gidajen da ke biyan haya, suna sayen ruwa da itace da kowace tiyar hatsi, ba su da rumbu ko akuyar da za su sayar ranar da ciwo ya zo. Ki tambayi yaran su ɗaga hannu, duk wanda yake da yaya ko kawu da ya tafi ci-rani Damagaram ko Yamai ko Kano. Za su gane da kansu cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kira 'yan birni 'yan gidansu ne, kuma kuɗin da suke aikowa yana cikin abin da ake ci da damina.

Ki kuma ba su misalin 2005, lokacin da gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi. Mutanen birane ne suka fito, a Yamai da Damagaram da Maraɗi da sauransu, suka rufe kasuwanni, har aka janye harajin daga kan wasu kayayyakin, kuma mai sayayya a kasuwar Magarya ya amfana da hakan kamar mai sayayya a Dole. Da wannan misali za ki iya raba musu zanga-zangar lumana, wadda mutane ke neman haƙƙinsu da ita, da ɓarnar da iyayensu suke ƙi. Kada ki ambaci jam'iyya ko ɗan takara a cikin aji, domin yaran za su kai maganar gida, kuma a gidajensu ba abu ɗaya aka zaɓa ba.