Idan mai gida ya kira ka kan kuɗin gyara

Yarona, ka tambaye ni me ya sa mai gidan hayar da muka gyara wa yoyon banɗaki ya kira ka yana ƙorafi kan kuɗi, alhali kamfanin da ke kula masa da gidan ne ya ba mu aikin, kuma me ya kamata ka ce masa.

Fara gane yadda takarda take tafiya. Mu kamfani muke miƙa wa lissafinmu. Shi kuma ya cire kuɗin daga hayar da ya karɓa, ya tura wa mai gida abin da ya rage. Sau da yawa abin da ke isa hannun mai gida layi ɗaya ne kacal: "gyaran famfo", sai adadi a gefe. Bai ga bangon da ya jiƙe ba, bai ga ka durƙusa ba. Wasu kamfanonin kuma suna ɗora nasu kaso a kan kuɗin ma'aikaci, ladan sa ido kan aikin. In an rubuta haka a yarjejeniyarsu, halalinsu ne. In ba a rubuta ba, mai gida yana da gaskiya da ya tambaya. Ka ga ke nan adadin da ya karanto maka a waya ba lallai ya zama namu ba.

Abin da zai wanke ka shi ne lissafin da ka rubuta da hannunka, kuma nan ne nake so ka natsu. Bututun da ya tsage a bangon nan bai kai tsawon tafin hannu ba, kuɗinsa ba wani abu ba ne. Amma tuna abin da muka yi kafin mu kai gare shi. Mun rufe duk famfunan gidan, muka ga mita tana ci gaba da juyawa. Muka bi danshi a bango har muka gano wurin, muka ɓamɓare tayil a hankali don kada na kusa su fashe, muka yanke, muka haɗa, muka jira gam ya kama, muka saki ruwa muka gwada, sannan muka mayar da siminti da tayil. Duk wannan ya shiga takarda, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, da rasit ɗin abin da ka saya. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, ɗauki wani bayan ka gama. Guntun bututun da ka cire kuwa, ajiye shi har a biya ka, domin wanda ya ga tsagar da idonsa ba ya doguwar magana.

Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna da iyakar kuɗin da kamfani zai kashe ba tare da izinin mai gida ba, sai fa in ruwa ne yake malala cikin ɗaki. In aiki babba ne, tambayi kamfani ko mai gida ya amince kafin ka ɗaga guduma.

Akwai abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan. Wata rana wani ma'aikacin kamfani zai ja ka gefe, ya ce ka rubuta fiye da abin da aka ba ka, ko ka rubuta an canja kayan tankin masai gaba ɗaya alhali roba ɗaya ka sa. Ƙi, ko da aikin zai kuɓuce maka. Sunanka ne a kan takardar, kuma ranar da mai gida ya kawo wani ya buɗe tankin, kai za a nuna.

In ya sake kira, gaishe shi da mutunci, faɗa masa abin da aka yi dalla-dalla. Kada ka zagi kamfani, kada ka kare shi. Ce masa ya nemi kwafin lissafinmu na asali da hotunan daga wurinsu, sannan ka sanar da ni.